Tarin Inusa

Ranar wata Laraba ce, a daminar shekarar da na gama aji huɗu na firamare, muna cikin dogon hutu. An kwana ana ruwa a Salaga, gari ya waye tsakar gidanmu duk taɓo, kaji sun takure a ƙarƙashin rumfa sun ƙi fita kiwo. Ina zaune a kan turmin da aka kifa, ƙanena Inusa yana kan cinyata, mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, tana tsaye a kanmu ta ɗaga wata kwalba sama tana duba abin da ya rage a ciki. Kwana biyar ke nan Inusa yana tari, irin tarin nan mai nauyi da ake jin majina tana kai da kawowa a ƙirji kamar talge a kan wuta. Shekararsa biyu da rabi, bai iya kaki ba. In ya yi tarin sai ya haɗiye abin da ya taso, ya dube ka da idanu jage-jage da hawaye. Mma ta tsiyaya maganin a cokalin shayi, ja ne, mai kauri, yana ƙanshin alewa. Na riƙe masa hannuwa don kada ya ture, ashe ba sai an riƙe shi ba. Ya buɗe baki ya shanye, ya lashe leɓe, ya miƙo hannu yana neman ƙari. Muka yi dariya ni da Mma. Kakarmu ta wajen uba, da ke bakin murhu tana dama koko, ta ce, "Mijin nan nawa, ko magani ne in dai da zaƙi ba ya ɗaga masa ƙafa."

Gidanmu tsohon gidan fataken goro ne. Kaka ta ce a zamanin surukinta zauren ba ya rabuwa da baƙi da huhunan goro, amma mu da muka taso doya muka tarar. Baba yana bin ƙauyuka yana sayenta, a jibge ta a zaure har ta kusa taɓo rufi, sannan a loda a mota ya bi ta kudu. Ni ce babba, Inusa ne ke bi na, tsakaninmu akwai biyu da ba su zo da rai ba, shi ya sa kowa a gidan yake lallaɓa shi kamar ƙwai. Sunan mahaifin Mma aka sa masa, don haka ita ba ta taɓa faɗin sunan ba, "Babana" take ce masa. Tun da aka yaye shi ya zama goyona. Da shi a baya nake share tsakar gida, da shi nake bin 'yan mata zuwa rijiya, in sauke shi a gindin bishiya in ja guga, in dawo da bokiti a ka yana bina yana riƙe da gefen zanena. In lokacin kaɗanya ya yi muka fita tsinta da sassafe, shi ne mai cinye waɗanda suka nuna ya miƙo mini ƙwallon yana washe baki. Abu ɗaya ne ya hana ni, wato ampe, wasan tsalle da tafi da mu 'yan mata muke yi a filin bayan masallaci. Ba a tsalle da goyo, in kuma na ajiye shi sai ya shigo tsakiyar fili ya rungume ƙafata. Sau da yawa a gefe nake tsayawa ina tafa wa wasu.

Kwalbar nan ta Baba ce. Wata guda kafin nan ruwa ya dake shi a hanyar ƙauye, ya kwanta da tari mai majina har muryarsa ta dushe. Ya sayo maganin a kantin magani na kusa da tasha, ya yi kwana huɗu yana sha, ƙirjinsa ya washe, ya miƙe. Ya ajiye sauran a kan taga yana yaba shi, ya ce bai taɓa ganin maganin tari irinsa ba. Da Inusa ya fara nasa tarin, Baba ya riga ya tafi Kumasi da lodin sabuwar doya. Kaka ta yi iya nata. Ta dafa citta da kanumfari ta sa zuma, ta narka man kaɗe ta shafe masa ƙirji da baya, ta sa aka ɗinka masa hular ulu. Babu wanda ya kawo zancen asibiti, kuma ba don ba ma zuwa ba. A damina kowane gida a zango, unguwarmu ta Hausawa, akwai yaro mai tari, in ka bi lungu da safe sai ka ji kamar amsa wa juna suke yi. Tari ba ciwon da ake ɗaukar yaro a kai shi gaban likita ba ne a wurinmu, sai dai zazzaɓin da ya kai ga sanƙarewa. Da na Kaka ya ƙi ci, Mma ta tuna da kwalbar da ta tayar da mijinta.

Ba a yi awa guda da shan cokalin farko ba Inusa ya yi barci a kan tabarma, barci mai nauyi irin wanda ya kwana biyar bai samu ba. Gidan ya yi tsit. Kaka ta leƙa shi ta dawo tana cewa, "Mara lafiya in ya samu barci ya samu rabin magani." Daga ranar aka ɗora mini aikin ba shi, cokali ɗaya da safe, ɗaya da yamma, saboda ni ce 'yar boko a gidan. Mma ta miƙo mini kwalbar ta ce in karanta musu abin da aka rubuta a jiki. Rubutu ne ƙanana cunkus, da wasu dogayen kalmomi da ban taɓa gani a littafin makaranta ba. Na iya haɗa baƙaƙen, ma'anar ce ban sani ba. Amma idon Mma da na Kaka suna kaina, ga maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya ta tsaya tana saurare, sai na ji ba zan iya cewa ban gane ba. Na gyara murya na ce an rubuta maganin tari ne mai kyau, na manya da yara. A kwanakin da suka biyo baya na yi ampe har ƙafafuna suka yi tsami. In na ba shi na safe, na jira kansa ya langaɓe, sai in shimfiɗe shi kusa da Kaka in ruga fili. Tarin ya ragu ƙwarai. Jikinsa dai da ɗumi, kokon ma sai ya kurɓa sau biyu ya kau da kai, amma duk muka ce ƙarfin magani ne.

Ranar Asabar wani mai fataucin awaki ya iso daga Bawku da saƙo. Mahaifin Mma, Malam Inusa, yana kwance, idanunsa sun tafi, ƙafafunsa sun kumbura, ya ce a gaya wa 'yarsa in tana son ta same shi ta taho, kuma ta zo masa da takwaransa, don tun da aka haife shi bai taɓa ɗora masa hannu a ka ba. Mma ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya tana share hawaye da gefen mayafi. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ki tafi ke kaɗai, ki bar mini yaron. Hanyar nan da damina ba ta mai tari ba ce." Mma ta durƙusa ta ce, "Inna, shi fa ya ambata da bakinsa. In na je hannu sake me zan ce masa? Ga shi kuwa tarin ya kwanta." Kaka ta daɗe tana kallon Inusa da ke barci, sannan ta ce to Allah ya kiyaye, amma a tafi da ni don in riƙa karɓarta goyo, kuma kada a manta da kwalbar.

Litinin da safe na ba shi cokalinsa muka hau mota. Tafiyar kwana biyu ce a wancan lokaci, a bi ta Bimbilla a kwana a Yendi, washegari a nemi motar Gushegu a miƙe arewa. Motar cike take da mutane da buhuna da kaji, tagar gefenmu ba ta rufuwa, yayyafi yana shigowa yana jiƙa mana kafaɗu. Kafin mu kai Bimbilla muka kafe a laka, aka ce kowa ya sauka a rage nauyi sai masu goyo. Na sauka na tsaya a bakin hanya ina kallon maza suna turi, laka tana fallatsa musu har fuska, ina ta dariya. Da muka ci gaba girgizar mota ta tayar da Inusa, tarin ya dawo masa da ƙarfi har ya yi amai a gefen rigar wani mutum da ke gabanmu. Mutumin bai yi zagi ba, tsaki kawai ya yi, ya ce mai yaro mara lafiya gida ya kamata ta zauna. Na ga yadda Mma ta sunkuyar da kai. A tashar Bimbilla ta sauka ta wanko zanen da ya ɓaci, ta bar ni da shi yana tari yana kuka, mutane suna waiwayowa. Na zaro kwalbar daga jaka. Ban ga cokalin ba, sai na cika murfin na ɗura masa, na ga kamar bai isa ba na ƙara wani. Kafin Mma ta dawo na mayar da kwalbar inda take. Da mota ta tashi ya yi laƙwas a ƙirjinta, ni kuwa har wani daɗi nake ji a raina, na kawar wa uwata kunya.

Wata tsohuwa Badagomba ce a gefen Mma, da kwandon busasshen kifi a ƙafafunta. Tun daga Salaga ba ta ce uffan ba. Mun yi nisa da Bimbilla sai na ga tana ta leƙen fuskar Inusa. Can ta sa hannu ta ɗage masa riga ba tare da ta nemi izini ba. Ban manta abin da na gani ba. Duk numfashin da ya ja, ƙasan haƙarƙarinsa sai ya lotsa ciki kamar an danna da yatsa, kuma numfashin sauri-sauri yake fita kamar na ɗan tsako, ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa. Leɓensa ya yi duhu. Tsohuwar ta dubi Mma, ta yi magana da irin Hausar da ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Kai, mai yaro, wannan ba barci ba ne. Tashe shi mu gani." Mma ta girgiza shi, ta kira "Babana, Babana," ya buɗe ido rabi ya mayar. Tsohuwar ta ɗaga murya ta yi wa direba magana da yarensu na Dagbanci, motar ta yi tsit, har mutumin da aka ɓata wa riga ya juyo yana salati. Direban bai shiga tasha ba da muka isa Yendi, kai tsaye ƙofar asibiti ya kai mu.

Wata nas ta karɓe shi da gudu, aka sa masa robar iska a hanci, aka yi ta neman jijiya a ɗan hannunsa. Da abin ya ɗan lafa ta dawo ta tambayi Mma kwana nawa yana tari, me aka ba shi. Mma ta ciro kwalbar. Nas ɗin ta juya ta ta karanta, ta yi ajiyar zuciya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce wannan na manya ne, kuma magani uku ne aka haɗa a kwalba ɗaya: ɗaya yana tsinka majina, ɗaya yana danne tari, ɗaya yana sa barci. Babba in majinar ta tsinke zai kakaro ta ya tofar. Ƙaramin yaro kuwa tarin nan shi ne kaɗai hanyar da yake fitar da ita, in aka danne tarin aka kuma sa shi barci, sai ta taru ta zauna masa a ƙirji. Ta ce ciwon ya daɗe da sauka cikin huhunsa, shirun da muka ji ba sauƙi ba ne. Sannan ta tambaya, "Yau sau nawa ya sha?" Mma ta ce, "Sau ɗaya, da safe." Nas ɗin ta dube ni. Na dubi ƙasa, na bar zancen murfi biyun nan a cikina.

Sun yi iya ƙoƙarinsu. Washegari bayan azahar, ina zaune a bakin gado ina kore masa ƙuda da gefen ɗankwalina, sai na lura haƙarƙarin ya daina lotsawa. Na ɗauka sauƙi ne ya zo, har na buɗe baki zan yi wa Mma albishir, sai na ga ta miƙa hannu ta shafe masa idanu. Ba mu san kowa ba a Yendi. Tsohuwar nan mai kifi, wadda ta dawo da safe ta kawo mana koko, ita ta kai mu gidan wani malami a zango. Matan gidan suka shimfiɗa mana tabarma kamar sun san mu tun fil azal, aka yi masa wanka, aka yanko likkafani wanda bai kai tsawon mayafi ba. Malamin ya ɗauke shi a hannu biyu cikin 'yar tabarma, maza shida ko bakwai suka bi bayansa, suka karya kwana, ban ƙara ganinsu ba sai da suka dawo da tabarmar a naɗe. An buga waya Kumasi daga wani shago, amma saƙon bai sami Baba ba sai bayan kwana uku. Matan suna ta ce wa Mma, "In ajali ya yi kira ko ba ciwo sai an je." Tana amsawa da kai. Da za ta tashi sai na ga ta ɗauki majanyi ta yafa a baya za ta ɗaure, sannan ta tsaya cak, ta ninke shi ta sa a jaka.

Na zaci Salaga za mu koma, amma Mma ta ce gaba za mu yi, kada ta rasa ɗa ta kuma rasa uba ba ta gan shi ba. Washegari muka isa Bawku ana kiran la'asar. Kakana yana kwance a kan buzu a ɗakinsa, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Da ya ji sallamar Mma ya yunƙura aka tallafe shi ya zauna, fuskarsa ta washe, ya miƙo hannuwa biyu ya ce, "Ina takwaran nawa? Kawo shi nan." Mma ta durƙusa a gabansa. Ya laluba ya sami kanta, ya shafa kafaɗarta, ya zura hannu bayanta inda goyo yake zama. Hannun ya yi ta yawo a kan zane. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannun a hankali ya ɗora a gwiwarsa, ya yi salati, ya ce, "Na kira shi mu yi sallama, ashe shi zai riga ni." Bai tambayi yadda aka yi ba, har ya rasu bayan sati biyu bai tambaya ba.

Da muka koma Salaga gidan ya zama wani iri. Baba bai ɗora wa kowa laifi ba, sai dai ya rage magana, in ya dawo daga tafiya a zaure yake zama cikin doyarsa har a kira sallah. Kaka takan ce laifinta ne da ba ta dage an bar mata yaron ba. Aka koma makaranta, na shiga aji biyar, bayana sakayau babu mai riƙe mini zane, amma ko sau ɗaya ban ƙara shiga filin ampe ba. In an fita tara sai in zauna a gindin mangwaro ina jin tafin 'yan mata, ina maimaita tambayar nas ɗin nan a raina. Kowa a gidan yana da nasa "da na sani" da yake faɗa a fili, ni kaɗai nawa yake a rufe, kuma da shi na girma.

Sai da na yi aure a Bawku na haifi 'yata ta fari, Mma ta zo zaman jego, sannan na iya faɗa. Da hantsi ne, muna tsintar wake a tire, jaririyar tana barci a tsakaninmu. Ban shirya ba, maganar ce kawai ta fito. Na ce, "Mma, ranar nan a Bimbilla, da kika sauka, na ba Inusa murfi biyu. Kuma rubutun jikin kwalbar ban gane shi ba, ƙarya na yi muku." Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta ɗago ta ce, "Adiza, lokacin da mota ta kafe kuka sauka, ya motsa zai fara tari, ni ma na ba shi. Cokali biyu. Da nas ɗin nan ta tambaye ni, tsoro ya hana ni faɗa." Muka zauna muna kallon juna, ni da uwata, shekara goma sha biyar kowace tana ɓoye wa 'yar'uwarta abu ɗaya a gida ɗaya. Ba mu rungumi juna ba, ba halinmu ba ne. Ta share ido da bayan hannu, ta jawo tiren ta ci gaba da tsinta, can ta ce, "Ke yarinya ce. Ni ce babba." Daga baya na tambayi wani likita ko abin da muka ba shi a ranar ne ya kashe shi. Ya ce ciwon huhun ya riga ya yi nisa, kwanakin da aka yi ana jin shiru a gida su ne babbar asara, amma ba zai iya rantse mini cewa na ranar bai ƙara ba. Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba.

Yanzu 'ya'yana huɗu. In ɗayansu ya fara tari mai majina, kafin in nemi komai riga nake ɗagawa in zuba wa haƙarƙarinsa ido, har sun saba suna ɗagawa da kansu suna yi mini dariya. Mai kantin maganin unguwarmu ba ya miƙo kwalba sai ya tambayi shekarun mai tarin, kuma kowa da waya a hannu, saƙon da ya yi kwana uku yana neman Baba yau kafin a rufe baki ya isa. Mma da Kaka da Baba duk sun tafi, kowannensu na san inda yake kwance a Salaga. In zan je gida nakan bi ta Yendi, mota ta tsaya a tasha, masu talla su kewaye tagogi, fasinjoji su sauka su miƙe ƙafa. Na taɓa neman gidan malamin nan, aka ce ya daɗe da rasuwa, waɗanda suka bi bayansa a ranar kuwa babu wanda ya san ko su wane ne. Sai in zauna a kujerata in yi wa garin gaba ɗaya addu'a, tunda ban san gefen da aka binne Inusa ba balle in fuskanta. Da yana raye, da yanzu shi ma yana da masu riƙe masa gefen riga.